Wa El-Kanemi za ta ɗauka a cikinmu?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare.

Daren Asabar ɗin da ta wuce gardama ta kaure a gidan kallon da muke zuwa a Mairi. An tashi daga wasa, har an kashe janareta, amma ba wanda ya motsa daga benci. Wanda ya tono maganar wani abokin karatuna ne da Allah ya jarabce shi da son ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a hannu a ruga da gudu ana sanye da hular kwano. Ya ce duk ƙarshen watan Afrilu kwana uku yake yi ba barcin kirki, yana bin abin da suke kira diraf, wato ranakun da manyan kulob-kulob ke zama su raba 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i, kowa ya zaɓa idan layi ya zo kansa. Wai watanni kafin ranar magoya baya sun soma musu: mu ɗauki wancan mai jifa, a'a mai tsaron baya muke buƙata, wancan ai gwiwarsa ta taɓa samun matsala.

Sai wani daga baya ya ce, "To da mu ma ana yin haka, wa El-Kanemi za ta ɗauka a cikin yaran jami'ar nan?"

Kai jama'a! Nan take wuri ya ɗauki zafi. Wannan ya ce ɗan aji ukun nan na Injiniya mai buga lamba tara. Wancan ya ce shirme, golan tsangayar Ilimi ya fi kowa. Ni dai ina gefe ina saurare, kuma abin da na lura da shi shi ya sa ni wannan rubutu. A cikin mutum wajen ashirin, ba wanda ya iya faɗin ƙwallo nawa gwaninsa ya ci bara, a wasa nawa, ko shekarunsa nawa. Hujjar kowa ɗaya ce: "Wallahi yaron nan ya iya." Da rantsuwa muka fara, da ita muka tashi.

Bari mu fara da na Amurkan, don mu san abin da muke kwatanta kanmu da shi.

A 1935 wani mai suna Bert Bell, mamallakin Philadelphia Eagles, ya gaji da zama kurar baya. Kulob masu kuɗi irin su Chicago Bears da New York Giants ke kwashe duk yaron da ya yi suna a jami'a, shi kuma a bar shi da ragowa. Sai ya kawo shawarar a daina gwanjo: a jera sunayen yaran, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a kakar da ta wuce shi zai fara zaɓa, zakara ya zaɓa a ƙarshe. Aka amince. Ranar 8 ga Fabrairu 1936 aka yi na farko a wani otal a Philadelphia, kulob tara, 'yan wasa 81. Abin dariyar, wanda aka fara zaɓa, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, bai taɓa buga musu ko wasa ɗaya ba. Ya duba kuɗin da ake biya a lokacin ya ga bai ishe shi ba, ya kama kasuwanci abinsa.

Yau kulob 32 ne, zagaye bakwai. Ba a ɗaukar yaro sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Kafin ranar ana tara fitattu a garin Indianapolis a auna tsawo da nauyi, a sa su gudun yadi 40 da agogo a hannu, likitoci su duba kowace gaɓa. Ga kuma bidiyon duk wasan da yaro ya buga a jami'a.

Duk da haka suna tafka kuskure, kuma babba. A 1998 an sha musu a kan wa ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Indianapolis ta ɗauki Manning a na ɗaya, San Diego ta ɗauki Leaf a na biyu. Manning ya zama cikin gwanayen da aka taɓa yi, Leaf kuwa 'yan shekaru kaɗan ya yi aka daina jin ɗuriyarsa a fili. A 2000 sai da aka kira sunan mutum 198 kafin New England ta ɗauki Tom Brady a zagaye na shida, mutumin da daga baya ya ci kofinsu har sau bakwai. Sai dai su idan sun yi kuskure ana iya komawa a ga inda aka kauce, don komai a rubuce yake. Mu a Mairi ko kuskuren ma ba mu da yadda za mu gane mun yi.

Akwai namu da suka bi ta wannan ƙofa. Hakeem Olajuwon na Legas shi aka fara zaɓa a ƙwallon kwando a 1984 daga Jami'ar Houston, Michael Jordan ya zo na uku. Amma wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Christian Okoye ɗan Inugu. Jifan faifai ya kai shi wata ƙaramar jami'a a California mai suna Azusa Pacific. Bai fara wannan ƙwallo ba sai yana da shekara 23. A 1987 Kansas City ta zaɓe shi a zagaye na biyu yana ɗan 25, a 1989 kuma ya fi kowa a gasar gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Ku riƙe mini wannan 25 ɗin, za mu dawo kanta.

To mu fa? Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne ƙasar nan ta taɓa samun hanyar da ta tashi daga aji ta kai mutum har fili. Ba diraf ba ce, amma hanya ce da kowa ya san bakinta.

Tun zamanin Turawa ƙwallo a hannun makarantu da ma'aikatu take. Gasar da a da ake kira Kofin Ƙalubale ta fara ne a 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma masu cin ta a farkon lokaci ma'aikatu ne irin su Reluwe da Marine na Legas. Yadda abin yake, yaro ya yi fice a makaranta, ma'aikata ta ɗauke shi aiki, da safe yana ofis ko wurin gyara, da yamma yana fili. Idan ƙafa ta gaji, aikin na nan. A Legas akwai Kofin Firinsifal na makarantun sakandare, wanda jama'a ke cika fili su kalla. Akwai kuma tawagar 'yan makaranta ta ƙasa da ake kira Academicals, wadda ke karawa da takwararta ta Ghana. Stephen Keshi da Henry Nwosu duk daga makaranta ɗaya suka fito, St. Finbarr's da ke Akoka. Ku dubi tawagar da ta ci Kofin Afirka a 1980. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos, injiniya ne daga Kwalejin Fasaha ta Ibadan, shi ya ci biyu daga cikin ukun da aka zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe. Adokiye Amiesimaka shari'a ya karanta a Jami'ar Legas. Felix Owolabi kuwa ta Raccah Rovers ta Kano ya bi kafin ya koma Ibadan. A wancan zamani ba a ce wa yaro ya zaɓa tsakanin biro da takalmin ƙwallo.

A Arewa ma muna da namu. Kofin Ramat na yara da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala. Sunan nan na Ramat dai shi ne a jikin ɗakin karatun da muke kwana a ciki lokacin jarrabawa. Kaduna ta fitar da Daniel Amokachi ta Ranchers Bees, ta fitar da Tijjani Babangida da Garba Lawal. Jos na da Mighty Jets.

Sannu a hankali hanyar ta cike da ciyawa. A ganina abubuwa uku suka haɗu. Makarantu sun cika maƙil bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, aka riƙa yanka filayen wasa ana gina azuzuwa, malamin wasanni ya zama na jeka-na-yi-ka. Sannan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya karya kamfanoni da attajiran da ke riƙe da kulob, manya irin su Leventis United da Abiola Babes suka watse, ƙwallo ta koma hannun gwamnatocin jihohi. Na uku shi ne mafi ƙarfi: a 1985 yaranmu suka doke Jamus ta Yamma 2-0 a China suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 16, idon Turai ya juyo kanmu. Daga nan burin yaro ya tashi daga samun aiki a Reluwe ya koma samun biza.

A tsakiyar wannan sauyi aka haifi El-Kanemi Warriors, a 1986. Kulob ne na gwamnatin Borno, kuma da wuri ya nuna ƙarfinsa. Samson Siasia ya taka leda a nan kafin ya wuce Lokeren ta Beljiyam a 1987. Marigayi Shu'aibu Amodu ya horar da su a farkon shekarun 1990. A 1991 suka doke Kano Pillars 3-2 suka ɗauki Kofin Ƙalubale ('yan Kano ku yi haƙuri, tarihi ne), a 1992 suka sake ɗauka a hannun Stationery Stores ta Legas. Ku tambayi iyayenku na Hausari da Shehuri yadda Yerwa ta kwana a ranakun nan. Daga baya tashin hankali ya raba kulob da gidansa, sai a Kano da Katsina yake karɓar baƙi, kafin ya dawo Maiduguri a 2016. A 2024 kuma, suna rukuni na biyu, ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu, suka doke Abia Warriors 2-0 a Legas suka dawo da kofin bayan shekara 32. Wannan dai da yawanmu mun gani da idonmu.

Kulob ɗin jiha a Nijeriya, kowace jiha ce, a gaggauce yake rayuwa. Koci ya san idan aka ci shi sau uku a jere kujerarsa ta fara rawa, don haka ya fi son gogaggen da ya riga ya zaga kulob huɗu a kan yaron da sai an yi shekara biyu ana renonsa. Ni ban ga laifinsa ba. Ga sabon yaro kuwa ƙofar da ta rage ita ce sikirinin. Wani abokina da muka yi digirin farko tare, wanda har yau ban ga mai sarrafa ƙwallo da ƙafar hagu kamarsa ba, ya taɓa zuwa irin wannan tantancewa a wani kulob a wata jiha. Ya sayar da wayarsa ya yi kuɗin mota. Ya tarar da yara sun cika fili kamar ranar Idi. Aka raba su goma sha ɗaya-goma sha ɗaya, aka ba shi minti goma sha biyar a lambar da ba tasa ba, ƙwallo ta zo ƙafarsa sau biyu. Shi ke nan. Shekara huɗu da ya yi yana bugawa a jami'a ba wanda ya tambaye shi, kuma ko an tambaya ba shi da takarda ko bidiyon da zai nuna. Yanzu yana sayar da kayan waya, Allah ya sa masa albarka a ciki.

Ɗaya ƙofar ita ce akademi da ejan. Ta fitar da manya, ba musu. Mikel Obi daga akademin Pepsi a Jos ya fito. A 2005 Manchester United ta nuna shi ga 'yan jarida sanye da rigarta, Chelsea ta ce nata ne, aka yi shekara guda ana ja-in-ja, a ƙarshe Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn ta Norway miliyan 4. Ahmed Musa ma ɗan Jos ne, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, har sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata, domin dokar FIFA ta hana tsallaka da yaro ƙasa kafin wannan shekara sai da wasu 'yan dalilai. Amma ku lura, duk su biyun sun bar ƙasar kafin shekarun da mu muke gama rajistar aji ɗaya. Wannan kasuwa yaro ɗanye take so. Shi ya sa rage shekaru ya zama ruwan dare, har FIFA ta kawo gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Nijeriya a 2009. A 2016 yara 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. 'Yan Diffa da Damagaram da ke cikinmu har yau ba su bar mu mun huta ba.

Yanzu mu dawo kan 25 ɗin Okoye. Ɗalibin jami'ar gwamnati a nan, idan ya shiga yana da 19 ko 20, ya haɗu da yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022, ya yi bautar ƙasa, to yana fitowa ne a daidai wannan shekara ko sama. A Amurka a nan aka fara da Okoye. A nan kuwa ejan zai dube ka ya ce ka tsufa, sai dai in za ka koma 18 a fasfo.

Kuma kada wani ya ce jami'o'inmu ba sa wasa. NUGA tun 1966 take, an fara ta a Ibadan, jami'ar nan tamu ma ta taɓa karɓar baƙuncinta. A 2018 aka fara gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL, a 2021 kuma yaranmu, Desert Warriors, suka ɗauki kofin bayan sun doke Jami'ar Adekunle Ajasin ta Akungba a wasan ƙarshe. Zakarun jami'o'in Nijeriya kaf, daga nan titin Bama! Na tambayi 'yan gidan kallon nan su lissafa mini mutum biyar a cikin wannan tawaga. Shiru. Mutanen da za su jero maka 'yan bencin Arsenal har da na akademinsu. Ni ma da ke wannan surutu ban kai biyar ɗin ba.

Abokina mai ƙwallon Amurka ya ce mafita a kwaikwayo diraf kawai. Ban yarda ba, kuma na gaya masa. Diraf yana aiki a can ne saboda gasarsu rufaffiya ce: ba a faɗuwa rukuni na biyu, kuma babu wata ƙasa da ke biyan irin kuɗinsu a wannan wasa, don haka yaro ba shi da wurin gudu. Tamu ƙwallon kasuwar duniya ce. Ka ce wa yaro dole sai kulob ɗin da ya zo na ƙarshe, gobe ka ji shi a Tunisiya ko Latbiya. Kuma tsarin nasu ma ba tsarkakakke ba ne. Jami'o'i sun yi shekara da shekaru suna tara maƙudan kuɗi da guminsu yaran, sai a 2021 aka yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Waɗanda ake zaɓa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Bambancin dai, ragowar mafi yawansu suna da damar fita da digiri.

Abin da ya kamata mu ɗauko a wurinsu ya fi diraf arha: rubutu. Wa ya buga, minti nawa, ƙwallo nawa, yaushe aka haife shi. Wannan har kuɗi ne a cikinsa, kuma kocin unguwa da yawa ba su sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne sunan yaron yana cikin rajistar hukumar ƙwallo a ƙarƙashin wannan kulob. Kocin da ya yi shekara shida yana saya wa yaro ruwan leda a filin Gwange ko Bulumkutu, in bai yi rajista ba, ko sisi ba zai gani ba. Ejan ɗin da ya zo jiya shi zai kwashe.

Dalilin da ya sa maganar nan ta dame ni fiye da gardamar gidan kallo, a gidanmu take. Ɗan yayata yana aji biyar na sakandare, kuma ya iya, ni ma ga shi na yi rantsuwar da nake zargin wasu da ita. Wata biyu da suka wuce wani mutum ya zo har gida da hotuna a waya, ya ce zai kai shi gwaji ƙasar waje, a kawo kuɗin biza da na jirgi, makaranta kuma a jingine ta tukuna don lokaci na ƙurewa. Yaya ta kira ni hankalinta a tashe, ta ce, "Kai ne ɗan boko, ka faɗa mana gaskiya." Na ce, "Yaya, a tambaye shi lasisinsa na FIFA, a tambaye shi takardar gayyata daga kulob ɗin, mu kuma mu rubuta wa kulob ɗin da kanmu mu ji. Sannan yaron nan bai kai 18 ba, ta wace doka zai fita da shi?" Tun ranar da aka yi masa waɗannan tambayoyi bai sake ɗaga waya ba. Yaron kuma har yau fushi yake da ni, ko gaisuwa da ƙyar. Ya ce mini, "Kawu, to in na tsaya na yi jami'ar, wa zai gan ni?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na rasa. Odegbami zan ce masa, mutumin da ya yi tashe tun kafin a haifi babansa?

Tsakanin ƙofar jami'ar nan da filin El-Kanemi tafiyar keke napep ɗaya ce. Ba sai an kira taro a Abuja ba kafin ƙaramar tawagar kulob ta riƙa buga wasan sada zumunci da zaɓaɓɓun 'yan jami'a, da na Ramat Poly, da na sakandaren gari, sau ɗaya a semista. Ba sai an fitar da kasafi ba kafin 'yan sashen koyon aikin jarida su riƙa ɗaukar wasannin tsangayoyi, 'yan sashen motsa jiki su riƙe alƙaluma, abin ma ya zame musu furojet. Masu faɗa a ji a ƙungiyar ɗalibai da ke karanta wannan, ga aiki nan da ya fi rabon riga.

Ni dai na sayi littafi mai shafi 80 na ja layuka. Ranar Asabar ƙarfe huɗu akwai wasan tsangayarmu, zan zauna bakin layi in rubuta sunan duk wanda ya shiga, lambarsa, minti nawa ya yi, da shekarar haihuwarsa kamar yadda take a takardar JAMB, ba ta fasfo ba. Ina neman mutum biyu, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ɗauki bidiyo, don batirin wayata ba ya kai rabin lokaci. Ɗan yayata ma na ce ya zo ya riƙe mini lema, har yanzu bai amsa ba.